Fashin Baƙi: Me Ya Sa Masu Haɗa Giya A Gida A Amurka Ke Rububin Gangunan Kamfani?

Me zai sa mutumin da ke da bokitin roba mai araha, wanda ake wankewa tas cikin minti biyar, ya ture shi gefe ya nemi gangar ƙarfe mai nauyin kilo 13 wadda ko hannunsa ba ya shiga bakinta, ya ce a cikinta zai tsima abin da ya dafa? Wannan ce tambayar da masu haɗa giya a gida a Amurka da Turai da Ostireliya suka daɗe suna ja-in-ja a kanta, kuma ta ƙara fitowa fili tun da masu sayar da kayan sana'ar suka fara ƙera murafe da bawuloli na musamman domin mai da gangar kamfani mazubin tsimi. Wasu na ganin babu dabarar da ta kai ta sauƙin kuɗi, wasu kuma na cewa wahala ce da ɗaukar kasada, ga taɓa kayan da ba naka ba.

Matsayin giya a Musulunci sananne ne, kuma dokokin jihohin Arewa da suka ƙaddamar da Shari'a tun daga shekarar 2000 sun hana sayar da ita, saboda haka wannan bayani ba gayyata ba ce. Duk da haka batun yana da abin koyo ko ga wanda bai taɓa kusantar ta ba, domin abin da ke kumbura gorar kunun zaƙi idan ta yini a rana shi ne ke aiki a cikin waccan ganga, sai dai a can ƙarfinsa ya ninka sau da yawa. Akwai kuma ruɗanin suna da ya kamata a kawar tun farko. Kalmar Turanci ta keg a bakin 'yan Najeriya jarkar roba take nufi, irin ta man gyaɗa ko ta fetur, alhali a ƙasashen da ake wannan muhawara tana nufin rufaffiyar gangar ƙarfe marar tsatsa da kamfanoni ke aika giya a cikinta zuwa mashaya.

Abin da ke faruwa a cikin mazubi

Giyar Turawa daga sha'ir take farawa. Ana jiƙa shi ya tsira, a busar, a ɓarza, a zuba cikin ruwan zafi har sitacin da ke cikinsa ya koma sukari, sannan a tace ruwan a tafasa shi tare da furen wata shuka mai ɗaci da ake kira hops. Har zuwa nan babu ko ɗigon barasa a ciki, ruwan zaƙi ne kawai. Sai ya huce an zuba masa yisti, wato ƙananan halittun nan da masu burodi ke aiki da danginsu, sannan tsimuwa ke kankama. Louis Pasteur na Faransa ne ya tabbatar a tsakiyar ƙarni na 19 cewa halittu masu rai ne ke yin wannan aiki, sannan a 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken kamfanin Carlsberg da ke Denmak, ya yi nasarar ware iri guda na yisti ya raine shi shi kaɗai. Tun daga nan babbar damuwar mai wannan sana'a ta zama guda ɗaya: yistin da ya zaɓa ya yi aiki, kada wata ƙwayar cuta ko baƙon yisti su shiga su tsamama masa kaya.

Yisti yana cin sukari ya fitar da barasa da iskar kabon da kuma zafi. Idan aka bi ta nauyi, kusan rabin sukarin ne ke komawa barasa, rabi kuma iska. A baki wannan bai yi kama da wani abu ba, amma idan aka yi lissafi sai a ga cewa lita 45 na giya mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana fitar da iskar da ta kai kusan lita 900 kafin ta gama tsimuwa, wato abin da zai cika gangar da take ciki fiye da sau 15. Wannan lissafi shi ne ginshiƙin duk muhawarar. Mazubin kirki dole ya ba wannan iska hanyar fita, ya hana iskar waje shiga, ya bar zafi ya fice, kuma ya wanku. Bokitin roba mai murfi da babbar kwalba mai siririn wuya, waɗanda yawancin masu farawa ke amfani da su, suna yin haka ta hanyar wani ɗan lanƙwasasshen bututu mai ruwa a ciki, wanda iska ke fita ta cikinsa tana ɓulɓul amma ba ta iya komawa.

Ganguna iri biyu, masu hali dabam-dabam

Iri na farko ita ce gangar da ake kira Sanke ko Sankey, sunan da ya samo asali daga wani kamfanin ƙarfe na Ingila. Ita ce ta kamfanonin giya. Wadda ta fi yawa a Amurka tana cin galan 15.5, kimanin lita 59, kuma ana ce mata rabin ganga saboda cikakkiyar gangar giya a ma'auninsu galan 31 ce. A Turai lita 50 da lita 30 aka fi sani. Baki ɗaya gare ta a sama, faɗinsa bai fi santimita 5 ba, kuma a cikinsa aka kafe wani dogon bututu da ya sauka har kusa da gindinta, wanda masu sana'ar ke kira mashi. An ƙera ta ne domin inji ya wanke ta ya cika ta a kamfani, ba domin wani ya buɗe ta a bayan ɗakinsa ba.

Iri na biyu ita ce Cornelius, ƙaramar ganga siririya mai cin galan 5, kimanin lita 19, wadda asalinta ba ta giya ba ce sam. Kamfanonin lemon kwalba irin su Pepsi da Coca-Cola ne suke aika kayansu a cikinta zuwa gidajen abinci. Tana da murfi mai faɗi da hannu ke shiga, shi ya sa aka fi son ta, amma ƙanƙantarta ta sa ba ta ɗaukar cikakken zubi guda tare da kumfarsa. Wanda ya girmi bokiti, yana son yin lita 40 ko fiye a zubi ɗaya, shi ne ke ɗora ido kan babbar.

Yadda doka da kasuwa suka kawo al'adar

Haɗa giya a gida ba tsohon 'yanci ba ne a waɗannan ƙasashe. A Birtaniya sai a 1963 aka soke sharaɗin karɓar lasisi. A Amurka kuwa, ko da aka ɗage dokar haramta barasa a 1933, haɗa giya a gida ya ci gaba da zama laifi har sai da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan wata doka a watan Oktoban 1978, wadda ta fara aiki a Fabrairun 1979. Dokar ta yarda baligi ɗaya ya yi galan 100 a shekara, gidan da ke da baligai biyu ko fiye kuma galan 200, bisa sharaɗin ba don sayarwa ba. Jihohi na da tasu ta cewa, domin Alabama da Mississippi sai a 2013 suka bi sahu. Dokar ba ta haɗa da tace barasa mai ƙarfi ta hanyar turara ta ba, wanda shi wani aiki ne dabam da tsimuwa, kuma mutane da yawa na cakuɗa su.

A shekarar 1978 ɗin ce Charlie Papazian da abokin aikinsa suka kafa ƙungiyar masu haɗa giya a gida ta Amurka a garin Boulder na jihar Kolorado. Sana'ar ta bunƙasa daidai lokacin da kamfanonin lemo ke barin gangunan Cornelius suna komawa leda cikin kwali, sai tsofaffin gangunan suka malalo kasuwa da araha. Daga ajiye giya a cikinsu aka fara, sannan wasu suka ce tunda ƙarfen iri ɗaya ne da na manyan tankunan kamfani, me zai hana a tsima a ciki? Tankin tsimi na gaske mai tsinin gindi kamar mazurari yana da tsada ƙwarai, tsohuwar ganga kuwa ba ta kai ko kusa da kuɗinsa ba.

Hujjar masu goyon baya

Hujjarsu ta farko ita ce ƙarfen kansa. Roba tana karcewa, kuma a cikin karcen ƙwayoyin cuta ke samun maɓoya, shi ya sa bokiti ke da wa'adi. Kwalba ba ta karcewa amma tana fashewa, kuma kwalbar da ke ɗauke da lita 20 idan ta suɓuce daga jiƙaƙƙen hannu raunin da take yi ba ƙarami ba ne. Ƙarfe marar tsatsa ya tsira daga duka biyun, yana jure tafasasshen ruwa, kuma yana saurin miƙa zafi waje. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci domin yisti na da tsirfa kan yanayi: a manyan nau'o'in giyar Turawa biyu, ale da lager, yistin ale yana son digiri 18 zuwa 22, na lager kuma wajen 7 zuwa 13, alhali tsimuwar da kanta tana ɗumama ruwan ya zarce zafin ɗaki.

Ta biyu ita ce duhu. Haske, musamman na rana, yana taɓa sinadarin hops ya haifar da wani wari mai kama da na dabbar nan mai ɗoyi ta Amurka, kuma dalilin da ya sa yawancin kwalaben giya suke ruwan ƙasa ke nan. Ganga kuwa ko tsinin allura na haske ba ya ratsa ta.

Ta uku, wadda ta fi sauran nauyi a wajen ƙwararru, ita ce tsare kayan daga iskar oksijin. Da zarar tsimuwa ta ƙare, iskar da muke shaƙa ta zama abokiyar gaba, tana dusashe ƙamshi ta kawo ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Mai bokiti dole ya buɗe murfi ya zuƙo da tiyo, mai ganga kuwa yana iya tura kayan da iskar kabon daga wannan ganga zuwa waccan ba tare da sun taɓa ganin sarari ba.

Matsin iska, inda riba da hatsari suke kwana ɗaki ɗaya

Abin da ganga take yi wanda bokiti da kwalba ba sa iyawa shi ne riƙe matsi. Masu giya na Jamus sun daɗe da wata dabara ta toshe tanki gab da ƙarewar tsimuwa domin iskar da yisti ya fitar ta narke cikin ruwan, ta ba shi kumfarsa ba tare da an sayo gas ba. Na'urar da ke wannan aiki wani bawul ne mai ma'auni, wanda ake saitawa a kan wani adadi, duk iskar da ta haura shi sai ya sake ta. Masu yi a gida sukan saita shi tsakanin 10 zuwa 15 a ma'aunin psi, wanda masu faci ke auna iskar taya da shi, wato bai wuce rabin iskar tayar ƙaramar mota ba. An kuma lura cewa matsi yana hana yisti fitar da ƙamshin 'ya'yan itace da yakan fitar idan ya ji zafi, don haka mutumin da ba shi da firji na musamman yana iya yin lager a zafin ɗaki cikin ɗan lokaci.

Ba kowa ya yarda wannan ci gaba ne ba. Giyar alkama ta yankin Bavariya a Jamus da yawancin na Beljiyam da wannan ƙamshin aka san su, kuma akwai tsofaffin kamfanoni a Jamus da Ingila da har yau a buɗaɗɗen tanki suke tsimi da gangan. Matsi mai yawa kuma yana gajiyar da yisti. Wato dabara ce mai amfani ga wasu nau'o'i, mai ɓarna ga wasu, ba maganin kowace cuta ba kamar yadda masu talla ke nunawa.

Hatsarin kuwa yana komawa ne ga lita 900 ɗin nan. A kwanakin farko ruwan yana tayar da kumfa mai kauri da yauƙi, shi ya sa ba a cika gangar, ana tsayawa wajen lita 38 zuwa 45 a bar sauran fili. Idan aka cika ta fiye da kima, kumfar na hawa ta shiga bawul ɗin ta toshe shi, yisti kuma bai san an toshe ba, aikinsa yake ci gaba da yi. Gangunan Amurka na ɗauke da gargaɗin kada matsi ya wuce psi 60, kuma babbar gangar ba ta da bawul ɗin gaggawa a jikinta kamar yadda yawancin murafen Cornelius suke da shi, sai dai a haɗa mata. A ra'ayina, wanda ya rufe irin wannan ganga da mafita guda ɗaya tak ya jingina lafiyar gidansa ne a kan ɗan ramin da kumfa ke iya toshewa.

Hatsari na biyu yana zuwa tun kafin a zuba komai, lokacin cire mashin. Gangar da aka ce ta ƙare takan kasance da sauran matsi a ciki, kuma wanda ya zare zoben da ke riƙe da mashin bai fara sace iskar ba, bututun na iya harbowa sama ya same shi a fuska. Ba masu koyo kaɗai abin ke ci ba. A watan Afrilun 2012 wani ma'aikaci ya rasa ransa a wani kamfanin giya da ke Portsmouth a jihar New Hampshire, lokacin da gangar roba ta tarwatse ana tura mata iska domin fitar da abin da ya rage a ciki. Ita ma iskar kabon da ke fita lafiya lau tana da nata sharrin, domin ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwantawa a ƙasa. Da yawa suna ajiye gangar a cikin firji mai murfi a sama, kuma wanda ya zura kai ciki zai shaƙi irin abin da ke sumar da mai haƙar rijiya.

Wankin abin da ido bai gani ba

A nan ne masu adawa suka fi ƙarfin hujja. Bayan tsimuwa, kumfar na barin busasshen zobe a saman bango, mataccen yisti da tarkacen hops kuma su kwanta a ƙasa kamar laka. Bokiti soso ya ishe shi. Babbar ganga kuwa sai an jiƙa ta da sinadarin wanki mai zafi, ko a kife ta a kan famfo mai fesawa, sannan a leƙa da tocila da ɗan madubi ana fatan babu inda aka tsallake, musamman ƙarƙashin kafaɗarta inda ido ba ya kaiwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da bilic, domin kulorin da ke cikinsa yana cin ƙarfe marar tsatsa ya bar masa ƙananan ramuka, sai a wayi gari an mai da shi abin da aka guda a jikin roba. Wasu tsofaffin ganguna kuma na alminiyom ne, waɗanda soda mai ƙarfi irin ta masu sabulu ke cinye su.

Lakar da ke ƙasa tana kawo wata matsalar. Tankin kamfani yana da tsinin gindi da famfo domin a zubar da ita, ganga ba ta da shi, kuma mashinta daga ƙasa yake zuƙa. Wasu na yanke masa santimita biyu ko uku, wasu kuma na musanya shi da tiyo mai laushi da aka ɗaura wa ƙwallon ƙarfe mai iyo, yana zuƙa daga sama. Ga kuma nauyi: ganga mai lita 45 a ciki ta haura buhun siminti, ba a ɗaga ta a sa a firji da hannu ɗaya. Wasu na kai ta wajen mai walda ya faɗaɗa bakin, amma waldar da ba ta ƙware ba tana barin kaushi da tsatsa daidai inda ake buƙatar santsi.

To, gangar ta wa ce?

Wannan ne ɓangaren da aka fi kawar da kai daga gare shi. Wanda ya sayi giya a ganga, abin da ke ciki ya saya, gangar kuwa ta kamfani ce, kuma sunansa na buge a jikinta. Kuɗin da ya ajiye jingina ne, daidai da kuɗin kwalba da mai shago ke riƙewa har ka dawo masa da kiret ɗin lemonsa. Matsalar ita ce jinginar ba ta kai kuɗin sabuwar ganga ko kusa ba, sai wasu su ɗauka cewa barin kuɗin jingina tamkar saye ne, alhali a doka riƙe kayan wani ne. Wajen 2007, da farashin ƙarfe ya tashi, satar ganguna ana kai wa 'yan gwangwan ta yi ƙamari har jihar Michigan ta ɗaga jinginar daga dala 10 zuwa 30, jihohi da dama kuma suka hana masu sayen tsohon ƙarfe karɓar ganga mai tambarin kamfani ba tare da shaida ba. Ƙananan kamfanoni abin ya fi yi wa ciwo, domin ganguna na cikin jarinsu mafi tsada, kuma asarar a kan mai saye take ƙarewa. Abin mamakin shi ne da yawa daga cikin masu waɗannan ƙananan kamfanoni a gida suka fara, saboda haka wanda ya riƙe musu ganga ɗan'uwansa a sana'a ya cuta. Hanyar halal ita ce sayen sabuwa marar tambari ko wadda kamfani ya sallama da takarda, kuma da zarar an bi ta nan, ratar kuɗin da ke tsakaninta da mazubin da aka ƙera domin tsimi sai ta ragu sosai.

Gangar mai ba gangar giya ba ce

A yankinmu ma akwai masu tsimi a gida, masu burukutu a sassan Najeriya, masu pito a arewacin Gana, masu bilbil a arewacin Kamaru da Cadi, kuma da yawansu sun bar manyan tukwanen ƙasa sun koma duro. Sai dai kamannin suna ne kawai. Burukutu daga tsiron dawa ake yin ta, a buɗe take tsimuwa, tsaminta na cikin abin da masu shan ta ke so, kuma ana shanye ta cikin kwana ɗaya ko biyu tana kan tasowa, don haka maganar matsi da tsare iska ba ta taso ba. Matsalar duro ta ƙarfen ce. Duron mai na baƙin ƙarfe ne, kuma ruwa mai tsami yana narkar da shi a hankali. Tun a 1929 likitoci a Afirka ta Kudu suka fara bayyana wata cuta ta taruwar sinadarin ƙarfe a hanta da sauran sassan jiki, wadda daga baya aka danganta da yawan shan giyar gargajiya da aka haɗa a irin waɗannan duro. Idan kuma duron ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko wani sinadarin masana'anta, wanki da omo ba ya tabbatar da cewa ya rabu da shi. Wannan bai tsaya kan masu giya ba, ya shafi duk mai jiƙa gero ko dawa domin koko da kunu mai yawa, ko mai ajiye tsamiya da zoɓo a tsohon mazubin da ya saya a kasuwa bai tambayi abin da aka fara zubawa a cikinsa ba.